AKUYA ƳAR GIDA CE, MU RIƘE TA KAMAR ƳAR GIDA

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, maza da mata na ƙasar Arewa, tun daga Matankari da Dogon Dutsi har Tibiri da Kore Mai Ruwa: Wanda ya karanta wagga takarda, ya karanta wa wanda bai samu shiga ajin yaƙi da jahilci ba.

Maganarmu ta yau a kan akuya take.

A ƙasashen kurmi, kamar kudancin Najeriya da Kamaru, akwai wata gajerar akuya. Tsawonta bai cika wuce kamu ɗaya ba. Tsakanin shekarar 1930 da 1960 aka kwashi irinta zuwa Amurka, aka zuba a gidajen kallon namun daji. Daga baya mutane suka riƙa sayenta suna ajewa a gida. Da yawansu ba don nama suke ajewa ba, sha'awa ce kawai, kamar yadda wani ke aje kyanwa. Suna gina mata ɗaki. Suna yanke mata kofato. In ta ƙi cin abinci, su kira likitan dabbobi. Kuma ba su aje ta ita kaɗai, don sun gane akuya dabbar garke ce, kaɗaici na damunta.

Wani zai yi dariya ya ce aikin masu kuɗi ne. To, kafin ka yi dariya, leƙa bayan gidanka. Su da ba su ci da akuya, ga yadda suke riƙonta. Mu da muke ci da ita, ina tamu ta kwana jiya? Me ta ci? Ta sha ruwa?

Ban ce ku nemo gajerar akuyar kurmi ba. Amfaninta shi ne jure cizon ƙudan tsando, mu kuwa rani da ƙarancin ciyawa suka fi damunmu. Muna da doguwar akuya mai jure tafiya. Muna da jar akuyar Maraɗi, wadda aka buɗe wa gidan kiwo na musamman a Maraɗi tun 1963. Tana yawan haihuwar tagwaye, tana da nono, fatarta kuma ta yi suna har ƙasar Turai. Ba iri muka rasa ba. Kulawa muka rasa.

Ku tuna abin da akuya ke yi mana. Ita ce ajiyar mace. Ita ake yankawa ran suna. In yaro ya kwanta, ita ake ja kasuwa a biya magani. Dattawa sun ga yunwar 1973 da ta 1984, da yawanmu mun ga wahalar 2005. Shanu sun faɗi, awaki suka fi saura. Gidan da ke da akuya biyu ko uku ya samu abin sayen hatsi, bai kai ga jinginar da gona ba.

Duk da haka, me muke cewa? Wai akuya ita ke ci da kanta. Wagga magana ita ke kashe mana awaki. Da safe a kore ta, ta bi juji tana haɗiyar leda. Leda ba ta narkewa a ciki. Sai ka ga ciki ya kumbura, jiki na ramewa, sai ran da mahauci ya buɗe tumbi a ga dunƙulen leda. Tun 2014 aka yi dokar hana irin wagga leda a Nijar, amma doka ba za ta share maka tsakar gida ba. Kai za ka share.

Da damina kuma a ɗaure ta a turke da gajeren igiya, rana ta doke ta, ruwa ya doke ta. In ta tsinke ta shiga gonar maƙwabci, ga tara, ga faɗa.

Ga abin da nake kira gare ku ku yi.

Na ɗaya, makwanci. Rumfar kara ta isa, in dai ba ta yoyo. A tada ƙasan wurin don kada ruwa ya kwanta. Akuya ba ta son jiƙewa, sanyi da laima na sa ta tari. A share kullum, a tara takin a kai gona. Riƙon ƴar gida ba shi ne kwana da ita ɗaki ɗaya da yara ba. Wurinta daban.

Na biyu, abinci da ruwa. Bayan girbi kada ku sayar da harawar wake da ta gujiya duka. Ku ɗora kan rumfa ku aje don bazara. Ku tsinto ƴaƴan gawo. Ku ba ta dussa da ɗan gishiri ko kanwa. Ruwa mai tsabta kowace rana, ba ragowar wanke-wanke ba.

Na uku, allura. Akwai annobar awaki da tumaki da likitoci ke kira PPR. Alamunta zazzaɓi, majina, ruwan ido, gyambo a baki da zawo. Tana iya share garke cikin ƴan kwanaki, kuma ba ta da magani in ta kama. Amma allurar rigakafi ɗaya na tsare dabba shekaru. A 2015 ƙasashen duniya suka taru a Abijan suka ƙudura kawar da ita nan da 2030. Kada ku ce ba ya yiwuwa: bushiya da ta gama da shanun kakanninmu, an tabbatar da ƙarewarta a duniya a 2011, kuma allura ce ta yi aikin. Ran da ma'aikatan kiwo suka zo garinku, kada a ɓoye awaki. Wanda ya ɓoye tasa, ya cuci ta maƙwabcinsa. Akuyar da aka sayo a kasuwa kuma, a ware ta mako uku kafin a haɗa da na gida.

Na huɗu, ciki da haihuwa. Cikin akuya wata biyar ne. A watan ƙarshe a ƙara mata abinci. In ta haihu, a bar ɗan ya sha dakashi tun ranar farko, shi ne rigakafinsa. In za a tatsa, a rage masa rabonsa. Nonon da za a ba yara kuwa a tafasa shi tukuna. Akuyar da ta yi ɓari, a binne abin da ya fito, kada a taɓa da hannu tsirara, a wanke hannu da sabulu.

Na san wani zai ce ba shi da harawar da za ta ishi akuya goma. Gaskiya ne. To rage su. Sayar da ramammu tun kaka, lokacin da suke da ɗan jiki, ka bar uku masu kyau. Jar akuya mai ƙoshi na iya haihuwa sau uku cikin shekara biyu. Mai yunwa kuwa sai ɓari da mutuwar ƴaƴa. Yi lissafi da kanka, tunda yanzu ka iya.

Maigida, kada ka ce akuya ta mata ce, ba ruwanka. Ran da rumbu ya ƙare, kai za ka fara kallon turkenta. Kafa mata rumfa tun yau, kafin ruwa ya sauka.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana bisashenmu. Amin.