Martani: Taba Gari Ba Mafita Ba Ce Ga Mai Barin Sigari

Ra'ayin da wani marubuci ya wallafa, cewa mashayin sigarin da ciwon baki ya firgita zai iya komawa ga taba gari domin ba ta da hayaƙi, kuskure ne mai haɗari, musamman ga manoman Kiyako da ƙauyukan Birnin Kudu da Gwaram, inda ganin likitan haƙori yake da wuya.

Taba gari, wato busasshen ganyen taba da ake dakawa da kanwa, ana cusa ta ne tsakanin leɓe da dasashi, ta daɗe tana jiƙa a daidai wurin da ciwon ya fara. Kanwar kuwa tana ƙara saurin shigar nikotin cikin jini, nikotin ɗin shi ne sinadarin da ke ɗaure mutum ga taba, kuma yana tsuke jijiyoyin jini har dasashi ya riƙa lalacewa ba tare da zubar jinin da zai ankarar da mai shi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa tabar da ba a ƙonawa cikin abubuwan da ke haddasa ciwon dajin baki, ita ma dokar taƙaita shan taba ta Nijeriya ta 2015 ba ta ware ta ba.

Saboda haka duk wanda ya ga farin tabo a harshe ko kumatu, ko gyambon da ya wuce mako biyu bai warke ba, ya garzaya Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, ya kuma rabu da taba kowace iri ce.