Wanda Ya Ci Ladan Kuturu Dole Ya Yi Masa Aski



Ra'ayina a kan tallafin karatu ba ɓoyayye ba ne: duk wanda gwamnatin Jihar Nasarawa ta ɗauki nauyin karatunsa da kuɗi masu yawa, musamman likita, ma'aikaciyar jinya, ungozoma, mai harhaɗa magunguna da wanda aka tura ƙasar waje, to ko dai ya dawo ya yi wa jihar aiki na wasu shekaru, ko ya maido da abin da aka kashe masa. Na san wasu daga cikin ƙannenmu da ke jami'a ba za su ji daɗin wannan magana ba. Ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe kafin ku fara jifa.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne kalmar nan da ake yawan faɗa, wai "ai kuɗin gwamnati ne". Gwamnati gona take da ita? Kuɗin da ake biya wa ɗalibi ɗaya karatun likita na shekara shida, rabon jama'a ne. A ciki akwai rabon manomin doya da riɗi na Ashige, da matar da ake karɓar kuɗin tikiti a hannunta ranar kasuwa, da malamin firamare da ake cire wa haraji kafin albashi ya shigo hannunsa. An hana su wani abu, kwalbati ko rijiyar burtsatse ko rufin aji, aka ce a yi haƙuri, ana yi musu likita. Sai likitan ya kammala, ya ɗauki jakarsa ya nufi Saudiyya ko Ingila. Matar da ta biya kuma, ranar da naƙuda ta zo mata da gardama cikin dare, sai a ɗora ta a mota a kama hanyar Lafiya ana addu'a Allah ya sa a tarar da likita. Wannan wace irin ciniki ce?

Kada wani ya ce ina ƙara gishiri. A 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, da bakinsa ya ce likitoci kusan 16,000 sun bar Najeriya cikin 'yan shekarun nan, kuma waɗanda suka rage ba su wuce kimanin 55,000 ba, a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 200. Da yawa daga cikin waɗanda suka rage ɗin ma sun taru ne a Legas da Abuja. A wannan shekarar dai jaridu suka ruwaito cewa likitoci 59 sun ajiye aiki a Asibitin Ƙwararru na Dalhatu Araf da ke Lafiya cikin wata uku kacal. Idan babban asibitin birnin jiha ya ga haka, ina ga ɗakin shan magani na ƙauye?

Ba likitoci kaɗai ba. Hukumar TETFund, wadda ke tura malaman manyan makarantu ƙaro karatu, ta shaida wa Majalisar Wakilai a 2023 ta bakin shugabanta Sonny Echono cewa malamai sama da 130 da ta kashe wa kuɗi a waje sun ƙi dawowa. Daga baya hukumar ta dakatar da tura malamai waje daga farkon 2025, ta kafa hujja da tsadar canji da kuma masu gudun nan. Ku duba wanda ya sha wahalar: ba wanda ya gudu ba, shi yana can yana karɓar fam. Ƙaramin malami ne a kwalejin Akwanga ko foliteknik ta Lafiya da ke jiran layinsa ya zo. Na gaba ya haye, ya janye tsanin.

Babbar hujjar masu adawa ita ce wai wannan bauta ce, kuma sashe na 41 na kundin tsarin mulki ya ba kowa 'yancin zuwa inda ya ga dama. Gaskiya ne ya ba shi. Amma wa ya ce za a hana kowa tafiya? Ka tafi, Allah ya kiyaye hanya, sai dai ka ajiye mana kuɗinmu mu karantar da wani. Bawa ba a tambayarsa, ba a ba shi takarda ya karanta ya sa hannu, ba a kuma ce masa ga ƙofa idan ka biya. A nan ne ma nake raba hanya da ƙudirin da Ganiyu Johnson, ɗan majalisa daga Legas, ya kawo a Afrilun 2023, na a riƙe wa kowane sabon likita cikakken lasisi sai ya yi shekara biyar a ƙasa. Ƙungiyoyin likitoci sun yi masa ca, kuma suna da gaskiya, domin ya haɗa har da wanda ubansa ya sayar da gona ya biya masa. Wanda bai ci kuɗin jiha ba, jiha ba ta bin sa komai. Maganata a kan wanda ya ci ne.

Kuma ba mu muka fara ba. Ƙasar Tailan ta yi shekaru fiye da hamsin tana wajabta wa likitocin da suka fito daga jami'o'in gwamnati aikin shekara uku a asibitocin gwamnati, yawanci a karkara, wanda ya ƙi ya biya tara. Amurkar da yaranmu ke mafarki, a 2017 Jihar New York ta fito da tallafin karatu mai suna Excelsior da sharaɗin cewa shekarun da aka biya maka, adadinsu za ka zauna a jihar bayan kammalawa, in ka fice tallafin ya koma bashi. Masu kuɗi ma suna lissafi, sai mu da ba mu da shi ne za mu ji kunyar tambaya?

Ga wani abu da nake so 'yan uwa su yi wa tunani. Tun 2024 akwai bashin karatu na NELFUND. Ɗan talakan da bai san kowa ba shi zai je ya ci wannan bashi, kuma shekara biyu bayan bautar ƙasa za a fara cire kashi 10 cikin 100 na albashinsa, ko da kuwa a Assakio yake koyarwa a ajin da babu benci. Shi kuwa wanda ya samu cikakken tallafi, wanda sau da yawa sunansa ya shiga ne da ɗan kati daga sama, ya tafi Landan ba a bin sa ko kwabo. Mai zama gida yana biya, mai tafiya ya ci bulus. In akwai adalci a nan, a nuna mini.

To amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Likitocin nan na Lafiya da suka tafi, ba don sun tsani jiharsu ba ne. Kukansu a kan alawus ne da ƙarin girma da yawan aiki. Saboda haka takardar yarjejeniya dole ta ɗaure gwamnati kamar yadda ta ɗaure ɗalibi. Idan yaro ya kammala ya kawo kansa, aka yi wata shida ba a ba shi takardar kama aiki ba, to an sake shi, ya tafi inda Allah ya ajiye masa abincinsa. Idan an ɗauke shi aka riƙe masa albashi, watannin nan su fita daga abin da ake bin sa. Idan an tura shi waje aka bar shi babu kuɗin makaranta har ana barazanar korarsa, kamar yadda muke yawan ji daga ɗaliban jihohi daban-daban, gwamnati ce ta fara karya alkawari, ba ta da bakin magana. Ba za a ɗaure akuya a turke a hana ta dusa ba, sannan a ce ta cika kuka.

Ɗan tallafin nan na shekara-shekara da ake raba wa ɗalibai kuwa, wanda ko kuɗin haya ba ya biya, a bar shi kyauta. Kunya ce a bi yaro bashinsa.

Sai maganar adadin da za a biya, kuma a nan ne ake yawan yi mana wayo. A watan Mayun 2023 dala tana kusan naira 460 a farashin gwamnati, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Wanda aka biya masa da dala a da, idan aka ce ya maido da adadin nairar da aka rubuta a wancan lokacin, da albashin 'yan watanni a waje zai share bashin yana dariya, kuɗin kuma ba zai karantar da ko rabin wani ba. A rubuta a fili: abin da za ka biya shi ne abin da zai ɗauki nauyin wani ɗalibi a irin karatunka a ranar da kake biya. Wanda ya yi rabin shekarunsa, ya biya rabi. Kuɗin kuma kada ya shiga babban asusu ya ɓace, a ware shi ga Hukumar Tallafin Karatu ta jiha kawai.

Za a tambaye ni, to Abuja fa, ita ma "waje" ce? Mun san dubban mutanenmu suna kwana a Mararaba da Masaka su wayi gari a Abuja. Ga injiniya ko lauya zan iya sassautawa, tunda a doka harajin albashi na jihar da mutum ke zaune ne. Ga likita ba zan sassauta ba, domin marar lafiya a Adogi ba haraji yake nema ba, hannu yake nema. Amma wanda ke aiki a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Keffi ko Jami'ar Tarayya ta Lafiya, wannan yana gida, mutanenmu yake dubawa, a ƙirga masa.

Abin da nake tsoro ɗaya ne, kuma shi ke kashe kowace doka a ƙasar nan: a kama ɗan manomi a matse shi, ɗan babban mutum kuwa fayil ɗinsa ya yi ƙafa. Maganin wannan shi ne a daina ɓoye-ɓoye. Jihar nan an ƙirƙire ta tun 1 ga Oktoban 1996, ta isa a ce tana da rajista. Ina kira ga wakilanmu a Majalisar Dokoki ta jiha su nemi Hukumar Tallafin Karatu ta wallafa, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, mutum nawa aka ba cikakken tallafi, a wane fanni, nawa suka dawo aiki, nawa suka biya, nawa aka rasa inda suke. Daga nan za mu ga ko mazaɓar Ashige ta taɓa samun rabonta ma tukuna. Zan sa wannan a jerin abubuwan tattaunawa na zamanmu mai zuwa, kuma ina roƙon ɗalibanmu, musamman masu ganin na yi tsauri, su zo da hujjojinsu a rubuce.

Sakataren Ƙungiya