ƊUMAME AKE SAYAR MANA

Yau faɗa na zo yi, kuma da wasu marubuta nake, waɗanda suka mai da mu marasa wayo.

Mace za ta zauna gaban fim ɗin Indiya na fassara, ta kalla tun daga farko har ƙarshe, ta ɗauki waya ta rubuce shi tsaf. Jarumi ta sa masa Faruk, jaruma ta koma Zarah, Bombay ta zama Abuja, shi ke nan wai ta yi littafi. Ta saki shafi goma kyauta a WhatsApp, da labari ya yi daɗi sai ta ce a turo kuɗi. Ke kuwa baiwar Allah ki tsakuro daga kuɗin cefane ki tura. Haba jama'a! Tuwon jiya ne fa aka ɗumama, tuwon ma na gidan wasu.

A da littafi ne ke haifar fim. Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna a 1991, sai a 1994 aka mai da shi fim, lokacin Sumayya da Muhammad sun riga sun shiga ɗakunan mata. Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ya fito a 1990, fim ɗinsa ya biyo baya a 1998. Haka Ki Yarda Da Ni na Anti Bilki Funtuwa. Masu fim ne ke bin marubuta.

Ku tambayi yayyenku da iyayenku yadda ake karatu a lokacin. Littafi zai baro Kano ya biyo ta Gusau, kafin ya iso mu ya sha hanya. Guda ɗaya sai ya zaga unguwa, bango ya yage a liƙe shi da ƙullun fulawa. Wadda ta yi boko ta karanta a bayyane, wadda ba ta yi ba tana tsinkar zogale tana saurare. In aka kai ƙarshen na ɗaya aka ga "mu haɗu a littafi na biyu", ranar har tuwo sai ya yi gudaji. A yi ta gardama, wasu na bayan Sumayya, wasu na cewa faɗawa rijiya saboda namiji hauka ne da saɓon Allah. Mi ya kawo gardamar? Don kowa ta san yarinyar da aka so a yi wa auren kuɗi. Rabi ta cikin Alhaki, wadda miji ya kora da 'ya'ya tara saboda ya auro Delu, ta koma sayar da abinci tana riƙon su, wace unguwa ce babu irinta?

Na san abin da za su ce. Za su ce ai su ma na da an zarge su da kwaikwayon Indiya, kuma Abubakar Imam kansa ya ɗebo labaran Larabawa da Turawa ya zuba a Magana Jari Ce. Gaskiya ne. Amma Imam ya tuɓe musu kayansu ya sa musu riga da hula, har yaro ya karanta bai ji baƙunta ba. Ke kuwa ko zanen ba ki canza ba. Budurwa na rawa cikin ruwan sama da saurayi, uba na kallo yana murmushi. A wane gida? A Gummi?

Abin da ya fi ci mini rai ma shi ne, a 2012 wani kamfanin ɗab'i a ƙasar Indiya ya buga Alhaki Kuykuyo Ne da Turanci. Su Indiyawan namu suka nema, mu kuma muna tsintar ragowar nasu. Kuma ba a rasa abin koyi a kusa ba: Hajiya Hafsatu Abdulwahid, mai So Aljannar Duniya na 1980, a Gusau ta yi zaman aure shekara da shekaru.

Labari kuwa ga shi nan jibge a ƙofar gida. Matar da ta baro ƙauye da goyo saboda 'yan bindiga ta zo Anka tana raɓe a gidan dangi. Amaryar da mijinta ya tafi haƙar zinari ya bar ta da uwar miji. Watan Satumba na 2021 da aka yanke layin waya a Zamfara, mata suka yi makonni ba su ji muryar 'ya'yansu da ke nesa ba. Wa ya rubuta mana waɗannan? Ko sai Indiyawa sun yi fim ɗinsu tukuna sannan ki kwafa?

Ni dai daga yau, duk wadda ta turo mini shafin gwaji na ga attajiri ya yi karo da yarinya a bakin mota littattafanta sun zube, ba ta ganin sisina. Wanga fim na kalle shi tun ina budurwa, har waƙar na iya.