Idan kwamfutar gida tana mutuwa da zarar an haɗa ta da intanet

 Yau za mu ɗan ajiye zancen jikin ɗan Adam mu duba wata majinyaciya da ke kwance a gidaje da yawa, wato kwamfutar da maigida da uwargida da yara suke rububi a kanta. Ciwon nata yana da ban haushi. Muddin ba a haɗa ta da intanet ba, lafiyarta ƙalau: yarinya za ta yi awa uku tana buga aikin makaranta, ƙanenta ya kalli fim ya gama, babu abin da zai faru. Amma da an kunna Wi-Fi ko an jona ta da datar waya, kafin minti goma sai allo ya rikiɗe ya koma shuɗi, ko komai ya sandare, ko ta ɗauke ɗif. Kuma ba ta tashi yin haka sai ranar da za a tura furojet ga malami, ko ana tsakiyar biyan kuɗin makaranta ta Remita, ko ana ganawar neman aiki ta Zoom.

A mafi yawan gidaje kamfanin layi ake fara ɗora wa laifi. To, a sake shi ya huta. Sabis ɗin MTN ko Airtel ko Glo zai iya yin rauni, shafi ya ƙi buɗewa, bidiyo ya riƙa tsayawa, amma raunin sabis ba ya kashe kwamfuta. Abin da ke faruwa shi ne, haɗuwa da intanet tana tayar da abubuwan da suke barci a cikin na'urar. Ɗan katin da ke kamo Wi-Fi ya fara aiki, Windows ta fara neman sabuntawa, manhajar tsaro ta fara sauke nata kayan, OneDrive da WhatsApp da sauran su duk su miƙe a lokaci guda. Idan akwai ɗaya mai lahani a cikinsu, ko kuma jikin kwamfutar ba zai ɗauki wannan nauyin ba, a nan take faɗuwa.

Likita ba ya rubuta magani sai ya tambayi yadda ciwon yake kamawa, haka nan ma. A lura da irin mutuwar. Idan allo ya yi shuɗi da rubutu sannan ta sake tashi da kanta, wannan ya fi nuni ga direba, wato 'yar manhajar da ke tsakanin Windows da wani sashe na jikin kwamfutar. A sababbin Windows 11 allon baƙi ne, amma ma'anar ɗaya ce. Idan sandarewa take yi, linzami ya ƙi motsi, fanka na ta ƙugi, nauyi ne ya yi mata yawa. Idan kuwa ɗaukewa take yi farat ɗaya kamar an zare filogi, ba shuɗi ba gargaɗi, sai a tuhumi zafi ko wuta. Wanda Chrome kaɗai ke rufe masa alhali sauran kwamfutar na nan daram, nasa mai sauƙi ne, za mu zo kansa.

Kafin a taɓa komai, a kwashe abin da ba a so a rasa. A kashe intanet ɗin, tunda a haka take zama lafiya, a kwafi furojet da takardun aiki da hotunan biki da na suna a zuba a filash ko faifan ajiya na waje. Wannan aikin rabin awa ne, kuma shi ne bambancin wanda zai yi asarar kuɗin gyara kawai da wanda zai yi asarar aikin shekara guda.

Gwajin da na fi so ba ya cin ko kwabo. A canza hanyar da intanet ke shigowa. Idan da Wi-Fi ake amfani, a kashe shi baki ɗaya, a ɗauko kebur ɗin caja a haɗa waya da kwamfutar, a kunna abin da wayoyin Android ke kira USB tethering. A yi aiki a haka na awa ɗaya ko biyu. In ta zauna lafiya, an kama ɓarawo: katin Wi-Fi ne ko direbansa. In ta sake faɗuwa ta wannan hanyar ma, to katin ba shi da laifi, wata manhaja ce da ke farkawa idan ta ji intanet, ko kuma zafi. Da wannan gwajin kaɗai an raba matsalar gida biyu, kuma mai gyara ba zai yi maka kame-kame ba.

Mu fara da ɓangaren direba, don shi ya fi yawa a kwamfutocin gwanjo da muke saye a Computer Village ta Ikeja ko Banex a Abuja ko Farm Centre a Kano. Galibinsu an sake zuba musu Windows a shago kafin a sayar, kuma sau da yawa direban da aka sa wa katin Wi-Fi wanda ya samu ne kawai, ba wanda kamfanin ya yi wa wannan samfurin ba. Idan shuɗin allon ya fito, kada a tsorata a danne maɓallin kashewa. A ɗauki hotonsa da waya. A ƙasa akwai sunan matsalar, kamar DRIVER_IRQL_NOT_LESS_OR_EQUAL, wani lokaci har da sunan fayil ɗin da ya jawo ta. Sunan da ya fara da Netwtw na katin Wi-Fi na Intel ne. Ndis.sys da tcpip.sys kuwa sassan Windows ne masu kula da sadarwa, kuma ganin sunansu yawanci yana nufin wani direba ko manhajar tsaro ce ta tura su suka faɗi. Idan allon ya wuce da sauri ba a samu ɗauka ba, a rubuta reliability a wurin bincike na Windows a buɗe tarihin da zai fito. Zai nuna kowace rana da jan tambari a inda aka samu faɗuwa, tare da abin da aka girka a ranakun da suka gabace ta. Sau da yawa a nan mutum zai ga ciwon ya fara ne washegarin wata sabuntawa, ko ranar da yaro ya zuba wani wasa.

Gyaran kansa ba wuya. A danna alamar Windows da maɓallin dama na linzami, a shiga Device Manager, a buɗe Network adapters, a zaɓi katin Wi-Fi, a shiga Properties sannan Driver. Idan maɓallin Roll Back Driver yana dannuwa, a danna, zai mayar da tsohon direban da ke aiki kafin a canza shi. Idan ba ya dannuwa, a duba lambar samfurin kwamfutar a bayanta, a shiga shafin HP ko Dell ko Lenovo ta waya, a sauko da direban wannan samfurin, a tura shi ta kebur a girka. Ina jan kunne a kan manhajojin nan da ke tallar za su sabunta maka dukkan direbobi da dannawa ɗaya. Ɓarnarsu ta fi gyaransu. A wannan wurin dai, ƙarƙashin Power Management, akwai wani ɗan akwati da ke ba Windows izinin kashe katin don tattalin batir. Cire alamar da ke cikinsa yana warkar da wasu kwamfutocin. Idan duk an yi haka ba ta daina ba, katin ne ya gaji. Ana sayar da ɗan Wi-Fi na USB mai girman ɗan yatsa, a kashe na ciki a soka wannan, an wuce wurin.

Idan gwajin kebur ya nuna ba katin ba ne, sai a koma kan manhajoji. A danne Shift a danna Restart, a bi Troubleshoot, Advanced options, Startup Settings, idan ta tashi a danna 5. Wannan zai kunna Windows da kayanta na dole kaɗai tare da intanet. Wasu kwamfutocin kan nemi lambar BitLocker a nan, don haka wanda ya san an kulle faifansa ya tanadi lambar tukuna. In ta zauna lafiya a wannan yanayin, to wani abu da aka girka ne. Na farko da nake zargi shi ne manhajar tsaro biyu a kwamfuta ɗaya. Mai shago ya sa tasa, wani ɗan'uwa ya zo hutu ya ƙara wata, ga kuma wadda Windows ke zuwa da ita. Kowacce tana so ta tsaya a bakin ƙofa ta binciki duk abin da ke shigowa daga intanet, ƙarshenta su yi karo. Ga kwamfutar gida, wadda Windows 10 da 11 ke zuwa da ita ta wadatar, a cire sauran. Na biyu su ne manhajojin VPN na kyauta da matasa ke zubawa, domin kowacce tana dasa nata direban sadarwa. A cire su, sannan a shiga Settings a nemi Network reset, ta goge saitin sadarwa ta sake shi sabo. A tanadi kalmar sirrin Wi-Fi, za ta sake tambaya.

Ƙwayar cuta fa? Tana yi, kuma tarihi ya nuna. A watan Agustan 2003 wata mai suna Blaster ta riƙa kama kwamfutocin Windows XP daga haɗa su da intanet kawai, sai saƙo ya fito cewa za ta mutu cikin daƙiƙa 60. Shekara ta zagayo, Sasser ta yi irin wannan a 2004. Dukansu ta ɓarakar da Microsoft ta riga ta fitar da maganinta suka shiga, waɗanda ba su sabunta ba su suka kwana ciki. Shi ya sa wanda har yau yake hawa intanet da Windows 7, wadda aka daina yi wa sabuntawar tsaro tun Janairun 2020, yake wasa da wuta, musamman in da ita yake shiga asusun banki. Windows 10 ma wa'adinta ya cika ranar 14 ga Oktoba, 2025, sai ga wanda ya shiga shirin ƙarin lokaci. A yau wata hanyar da cuta ke shigowa gidajenmu ita ce wasanni da manhajojin sata da yara ke saukowa. Wasu suna ɗauke da ɓoyayyen shiri da ke haƙar kuɗin kirifto da ƙarfin kwamfutarka, kuma sai da intanet yake aiki, shi ya sa fanka ke haukacewa da an haɗa. A danna Ctrl da Shift da Esc tare, a ga wace manhaja ce ke cinye ƙarfin. Sannan a shiga Windows Security a zaɓi binciken da ake kira Offline scan.

Adalci dai, sabuntawa ma takan yi ɓarna. Ranar 19 ga Yuli, 2024, wata sabuntawa mai kuskure daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ta jefa kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 cikin shuɗin allo, jirage suka kasa tashi a ƙasashe da dama. Idan tarihin nan ya nuna ciwon ya biyo bayan sabuntawar Windows, a shiga Update history a cire ta ƙarshen, a dakatar da sabuntawa na mako ɗaya ko biyu. Dakatarwa na ce, ba kashewa har abada ba.

Saura zafi, wanda a ƙasar nan bai kamata a raina shi ba. Ƙurar hunturu tana toshe hanyar iska, yara kuma a kan katifa ko filo suke ɗora kwamfutar, daidai inda take shaƙar iska. Buga rubutu ba ya wahalar da ita, amma bidiyo da sabuntawa suna sa ƙwaƙwalwarta ta ɗau zafi, in ya doshi digiri 100 sai ta rage gudu ko ta kashe kanta don kada ta ƙone. A ɗora ta a tebur, a ɗan ɗaga bayanta, a kai a buɗe a share fankar a sake mata man da ke sanyaya ƙwaƙwalwar. A duba caja kuma. Cajar da ba tata ba, ga mataccen batir, ga wutar janareta mai hawa da sauka, da aiki ya yi nauyi sai ta ɗauke. Idan aka ga wurin shafa yatsa ya kumbura ko murfin ƙasa ya ɗago, batirin ne ya kumbura. A daina caji nan take, a hana yara taɓa ta, a canza shi, domin irinsa yana kama wuta.

Kwamfuta mai RAM 4GB da tsohon faifai mai juyawa kuwa ba ta mutu ba, numfashi ne ke yi mata wuya. A bar ta a haɗe dare guda ta gama sabuntawarta, a rage shafukan da ake buɗewa, in da hali a ƙara RAM a sa mata SSD. Wanda Chrome ke rufe masa ko allo ke ƙyaftawa sai ya kunna bidiyo, ya shiga saitin Chrome, ɓangaren System, ya kashe graphics acceleration ya gani.

Wani lokaci kana cikin bincike sai shafi ya cika allo da shuɗi da ƙara, wai kwamfutarka ta kamu, ka kira wata lamba. Ƙarya ce. Saƙon matsala na gaskiya daga Windows ba ya ɗauke da lambar waya. A rufe shafin, kuma a gaya wa yara da iyayenmu tsofaffi kada su kira.

In abin ya gagara sai an je wurin mai gyara, a tafi da hoton allon da sakamakon gwajin kebur. A fita daga imel da WhatsApp, a kwashe hotunan iyali, musamman na mata da 'yanmata, kafin a miƙa ta. Idan ya ce fomatin zai yi tun bai duba komai ba, a tambaye shi me ya gano. Fomatin yana share manhaja mai lahani, amma ba ya share ƙura a fanka, ba ya gyara katin da ya lalace, kuma in direban da ya jawo matsalar ya sake zubawa, kafin mako ya zagayo za a koma shagon.