Tafiya Mabuɗin Ilmi: Daga Hanoi Zuwa Tsibiran Ha Long

Yau za mu leƙa ƙasar Biyetnam, wadda dattawanmu suka fi sani da yaƙin da ta gwabza da Amurka, wanda ya ƙare cikin 1975. To, zamani ya juya, ƙasar ta zama wurin da mutane ke kwasar iyalinsu su tafi hutu, kuma da yawansu hanya ɗaya suke bi, watau su yi 'yan kwanaki a Hanoi, babban birnin ƙasar, sa'an nan su gangara bakin teku su shiga jirgin ruwa a Ha Long. Tafiya ce mai daɗi, amma fa tana da sharuɗɗa, musamman ga wanda ke tafe da yara.

Hanoi dai tsohon birni ne. Cikin shekarar 1010 Sarki Ly Thai To ya mai da shi mazaunin sarautarsa, ya sa masa suna Thang Long, kuma yau mazaunansa sun haura miliyan 8. A tsakiyarsa akwai tsohuwar unguwa da ake kira unguwar tituna 36, inda tituna ke ɗauke da sunan hajar da aka saba sayarwa a cikinsu. Hang Bac na maƙeran azurfa ne, Hang Ma kuwa na masu kayan takarda. Wanda ya san Soron Ɗinki da Dukawa a birnin Kano ba zai ga baƙon abu a wannan tsari ba. Akwai kuma gidan ilmi na Van Mieu da aka gina cikin 1070, inda cikin 1076 aka buɗe makarantar da suke ɗauka ita ce jami'arsu ta farko.

Abin da zai fara razana baƙo shi ne babura, domin suna kwararowa kamar ruwan kwari, ba su cika tsayawa don mai tafiya a ƙasa ba. Dabarar mutanen garin ita ce mutum ya shiga titi a hankali, ya ci gaba da taku ɗaya, kada ya ruga, kada kuma ya ja da baya, su masu baburan su ne za su kauce masa. Sabo da haka a riƙe hannun yaro gam, ƙaramin kuwa a ɗauke shi. Daga daren Jumma'a zuwa daren Lahadi ana hana ababen hawa bin hanyoyin da suka kewaye tafkin Hoan Kiem, to a nan ne yara za su sake. Kusa da tafkin akwai gidan wasan 'yar tsana a kan ruwa, al'adar da ta samo asali daga manoman shinkafa, inda masu wasan ke tsayawa cikin ruwa bayan labule suna juya 'yan tsanan da dogayen sanduna. Batun abinci kuwa, naman alade ya yi yawa a girkinsu, don haka Musulmi ya nemi masallacin Al-Noor a titin Hang Luoc, wanda 'yan kasuwar Indiya suka gina a ƙarshen ƙarni na 19, a can zai sami mai nuna masa inda ake sayar da na halal.

Daga Hanoi zuwa Ha Long tafiyar kamar sa'a biyu da rabi ce a mota. Mashigin teku ne mai tsibirai 1,969, galibinsu duwatsun farar ƙasa ne da suka miƙe tsaye daga cikin koren ruwa. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren gādo na duniya a 1994, ta kuma haɗa shi da tsibiran Cat Ba a 2023. Jiragen suna da ɗakunan kwana da wurin cin abinci, ana iya yini, ana iya kwana ɗaya ko biyu. Sukan tsaya a kogon Sung Sot, wanda hawansa ke da matakala da yawa, da kuma tsibirin Ti Top, da aka sa wa sunan ɗan sama jannatin Rasha Gherman Titov bayan ya ziyarci wurin tare da Ho Chi Minh cikin 1962.

Amma masu iya magana sun ce ruwa ba sa'an kwando ba ne. Cikin Fabrairun 2011 wani jirgi ya nutse da asuba mutane suna barci, 12 suka rasu. Ran 19 ga Yuli, 2025, hadari ya taso farat ɗaya ya kifar da jirgin Wonder Sea, mutum 39 suka riga mu gidan gaskiya, galibinsu iyalai ne daga Hanoi, har da ƙananan yara.

Don haka ga shawara ga maigida. Na farko, ya zaɓi lokaci. Oktoba da Nuwamba, ko Maris da Afrilu, sun fi tsakiyar damina kwanciyar hankali, domin daga Yuli zuwa Satumba ne guguwa ta fi yawa. Na biyu, ya sa kwanan jirgin ruwa a tsakiyar tafiyar, ya bar rarar kwana ɗaya, don in hukumar tasha ta hana jirage fita, kada tsoron asarar kuɗi ko na tashin jirgin sama ya sa shi matsa wa kansa. Na uku, kafin a kwance jirgi ya nemi rigar ruwa daidai jikin kowane yaro, ya gwada musu ita, ya kuma nuna wa iyalinsa ƙofar fita daga ɗakin kwanansu.

Wannan shawara ta ƙarshe ba sai an je Asiya take aiki ba. Ba mu manta da jirgin da ya kife a kogin Kwara wajen Patigi cikin Yunin 2023 ba, inda fiye da mutum 100 suka halaka suna dawowa daga biki. Wanda ya saba wa 'ya'yansa da rigar ruwa a gida, ba zai sha wahalar sa musu ita a ƙasar wasu ba.

Allah ya kiyaye matafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.