A ba mata kujerun da suka cancanta a majalisa

Duk wanda ya taɓa leƙa rumfar zaɓe a Kano ko Gusau ya san layin da ya fi tsawo. Mata ne, da goyo a baya, tun kafin rana ta take. To amma a Majalisar Dattawa ta goma, mai kujeru 109, mata huɗu kacal suka samu shiga, ɗaya daga cikinsu ma sai da kotu ta ƙwato mata kujerarta. Har yau ba a taɓa zaɓar mace gwamna a Najeriya ba. Wannan jarida na ganin abin kunya ne.

Masu cewa jagorancin mata baƙon abu ne a ƙasar Hausa su waiwayi tarihi. Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ta kafa tsarin 'Yan Taru: tana naɗa jaji, wato jagora, ta ba ta malfa, ta tura ta ƙauyuka tana karantar da mata addini da waƙoƙin wa'azi. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri da duka a zamanin jam'iyyar NEPU saboda neman wa matan Arewa ƙuri'a, haƙƙin da bai zo hannunsu ba sai 1976. Ko a yau, da kuɗin adashi da cinikin ƙuli-ƙuli da fura ake biyan kuɗin makarantar yara a gidaje da dama.

Me ke tare hanya? Tsadar fom ɗin takara, da 'yan daba, da tarukan jam'iyya na tsakar dare, da ƙazafin da ake jifar duk matar da ta fito. A watan Maris na 2022 Majalisar Tarayya ta yi fatali da ƙudurorin da suka nemi buɗe wa mata hanya, ciki har da na ware wa mata kujeru.

Wasu ƙasashen Afirka sun riga mu. Nijar ta kafa dokar ware wa mata kaso tun shekarar 2000, Senegal ta yi dokar daidaito a 2010, a Ruwanda kuwa mata sun fi rabin majalisar wakilai.

Muna kira ga 'yan majalisa, musamman na Arewa, da su goyi bayan ware wa mata kujeru. Jam'iyyu kuma su daina sallamar su da muƙamin shugabar mata da turmin atamfa, su tsayar da su takara a mazaɓun da suke da tabbacin ci.