Kun ce mu kare kanmu, to wa zai sayi harsashin?

Ku yi haƙuri, rubutun yau zai ɗan yi tsawo, domin abin ya kwana biyu yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Ranar Juma'ar da ta wuce na je gida gaida wani baffana. Ba zan faɗi sunansa ba, ba zan faɗi ƙauyen ba, ku dai sani tsakanin Rano da Kibiya ne. Maharbi ne, gado ya yi, kuma shekara da shekaru shi da yaransa ke kwana a bakin gari duk lokacin da aka ji ƙishin-ƙishin ɗin ɓarayin shanu. Na tarar da shi a zaure ya shimfiɗa buhu, ya zube jajayen kwanson harsashi waɗanda aka riga aka harba, yana juya su ɗaya bayan ɗaya, mai tsaga ya jefa gefe. Na ce, "Baffa, me za a yi da wannan sharar?" Ya yi dariya ya ce, "Ɗan nan, a wajenku 'yan birni ne shara. Ni wannan shi ne jarina. Sabo ya fi ƙarfina."

Sake ɗura su zai yi. Mutumin da na taso na ga yana sayen harsashi kwali guda ya ajiye a ƙarƙashin gado, yau shi ne ke bin bayan wasu yana tsintar kwanso.

Ga waɗanda ba su san harkar ba, bindigogin da ke hannun maharbanmu da 'yan sintiri kashi biyu ne. Akwai ta toka, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, a harba sau ɗaya sannan a koma gefe a sake ɗuri. Ba a banza ake ce mata harba-ka-ruga ba. Akwai kuma mai baki ɗaya ko baki biyu, wadda ake karya ta a sa mata harsashin kamfani. Wannan harsashin akasarinsa daga waje yake shigowa, da dala ake sayo shi. To ku tuna, kafin watan Yunin 2023 dala a farashin gwamnati ba ta kai naira 500 ba, a 2024 kuwa ta haura naira 1,500. Fetur da ake saye ƙasa da naira 200 kafin a cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023 sai da ya taɓa naira dubu. Duk abin da ya hau jirgin ruwa ya sauka Legas, ya hau mota ya zo Kano, ya sake hawa babur ya shigo ƙauye, ku lissafa da kanku. Ga kuma kuɗin tsoro a kai, domin mai sayarwar a ɓoye yake sayarwa, ya san in aka kama shi sai yadda hali ya yi, sai ya ɗora wannan fargabar a kan mai saye.

Wani zai ce to ai shi ke nan, tunda Baffa ya iya sake ɗurawa ya huta, ya samu araha. Wallahi wannan ita ce maganar da ta sa na ɗauki waya nake rubutun nan. Araha ba ta ado.

A Amurka akwai masu sake ɗura kwanso, kuma sun ƙaru lokacin korona a 2020 da harsashi ya yi ƙaranci a kantuna. Amma su da na'ura suke yi, da ma'aunin da ke auna ƙanƙanin abu, da littafin kamfani da ya faɗi adadin da kowace bindiga za ta ɗauka, kuma dokarsu ta yarda. Mu fa? Da ido ake aunawa. Garin da ake zubawa a ƙulle a leda ake sayen sa, ba suna, ba kwanan wata, ba wanda ya san me aka gauraya a ciki. Albarushin toka daban, garin da ke cikin harsashin kamfani daban, ƙarfinsu ba ɗaya ba ne, kuma bututun da maƙeri ya haɗa a ƙauye ba a taɓa gwada iya abin da zai jure ba. Dalma ta yi tsada, sai a cusa duk ƙarfen da aka samu. Shi kansa kwanson, roba ce, in ta sha wuta sau ɗaya ta sha sau biyu ta gaji.

Sakamakon biyu ne, kuma duka na gan su da idona. Ko dai ta ƙi tashi, ka ja kunama ka ji ƙyas, shiru. In gwaggon biri ne a gonar masara, ka yi asarar dare ɗaya. In kuwa ɓarawo ne a gabanka, sai dai innalillahi. Ko kuma ta tashi ta baya. Wani yaro maƙwabcinmu, bai fi shekara biyu da aure ba, bara da kaka bindiga ta fashe a hannunsa yana gadin gyaɗa. Yatsu uku suka tafi. Tela ne da rana. Kuɗin da aka kashe a asibiti, da akuyoyin matarsa da aka sayar, da keken ɗinkin da yanzu ke jingine ya yi ƙura, ku tara su ku gaya mini kwali nawa na sabon harsashi za su saya. Don Allah wannan ce arahar?

Ga kuma doka. Dokar makamai ta ƙasar nan tun 1959 take, tun kafin Bature ya tafi. Ta ce lasisin bindigar toka a hannun kwamishinan 'yan sandan jiha yake, na mai baki ɗaya da baki biyu kuma a hannun Sufeto Janar. Ta hana mutum riƙe harsashi in ba shi da lasisin bindigar, ta kuma hana haɗa harsashi a gida. Wato abin da Baffa yake yi a zaurensa laifi ne, ban ɓoye masa ba, na faɗa masa. Ya ce, "To nuna mini ƙofar halak in bi." Na rasa amsa, domin a watan Agustan 2023 rundunar 'yan sanda a ƙarƙashin Kayode Egbetokun ta sanar da dakatar da bayar da sabon lasisi. A faɗin Rano da Kibiya ni dai ban san kanti ko ɗaya ba da maharbi zai shiga da takardarsa ya sayi harsashi a ba shi rasiti. Gaba kura, baya sayaki.

Yanzu bari in zo kan manyanmu. A watan Maris na 2018 Janar T.Y. Danjuma ya tsaya a Jalingo ya ce jama'a su tashi su kare kansu. A watan Yunin 2022 Bello Matawalle, yana gwamnan Zamfara, ya ce mutanen jiharsa su nemi izinin mallakar bindiga. Tun daga nan maganar ta zama waƙa, kowa ya samu makirfo sai ya ce al'umma su kare kansu. A nan Facebook ma muna da janar-janar na kan katifa, mutum yana kwance a Kano fanka na kaɗa shi yana rubuta cewa mutanen ƙauye ragwaye ne. Malam, ka taɓa tambayar nawa ake sayar da harsashi ɗaya? Ka taɓa tura wa 'yan sintirin garinku ko kuɗin batirin tocila?

Ɗan bindigar daji ba ya tsintar kwanso. Shi kuɗin fansa ke saya masa, buhu-buhu, ga masu safara suna kai masa har sansani. Dala ta tashi ko ta sauka bai dame shi ba, ƙara kuɗin fansa kawai zai yi, mu ne dai za mu biya. Tsadar nan mutum ɗaya ta kwance wa ɗamara, shi ne mai gaskiya. Kuma kada wani ya ce ai mu kudancin Kano lafiya lau muke. Alhamdu lillahi, Allah Ya ƙara mana lafiyar. Amma dajin Falgore nan ne bayanmu, kuma ba mu manta shekarun da ɓarayin shanu suka mayar da shi gida ba. Mutanen Shanono da Tsanyawa su ma da labari suke ji daga Katsina, yau ga shi ya shigo musu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda ake amfani da mutanen nan. Lokacin zaɓe a tara su a ba su riga mai hoto. Ranar hawan Sallah a sa su gaba suna buga bindiga, manya na ɗaga hannu. In an sace saniyar mai muƙami, tsakar dare za a buga musu waya. Wani mai muƙami da na sani ya yi wa su Baffa alkawarin alawus a gaban jama'a, an tafa masa, yau damina biyu ke nan ko sisi. Kowa ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski.

Kuma ba mu manta Uromi ba. Ranar 27 ga Maris 2025, maharba 16 da suka taso daga jihar Ribas za su zo gida ƙaramar Sallah aka tare su a jihar Edo, aka ga bindigogin toka a motar, aka kashe su aka ƙone. Da yawansu 'yan Torankawa ne ta Bunkure, maƙwabtanmu na jini da tsoka. Allah Ya jiƙansu, Ya karɓi shahadarsu. Gwamna Monday Okpebholo ya zo Kano ta'aziyya, an yi hotuna, an yi jawabai. Ban ce takarda ce za ta cece su ba, wanda ya ɗauko taya da fetur ba karatu ya zo yi ba. Amma na zaci bayan wannan musiba za a zauna a fitar wa sana'ar nan da matsayi sananne, yadda maharbi zai daina zama abin zargi a kowane shinge. A ƙauyenmu dai har yau ban ga abin da ya canja ba.

Su ma maharban ba zan bar su ba, Baffa ya yi haƙuri. Akwai masu sayar wa duk wanda ya miƙo kuɗi, ba tambayar daga ina, ba tambayar me za a yi da shi. Akwai masu ba yaro ɗan shekara goma sha biyar bindiga ya je biki. Akwai masu ajiye albarushi a ɗakin da mata ke hura wuta. Ana kukan tsada, amma a daren kamu sai a ƙone abin da zai yi gadin gari mako guda don a burge 'yan mata. Wannan ba gwamnati ce ta sa ku ba.

Ba cewa nake a raba wa kowa bindiga ba, Allah Ya kiyaye, mun ga inda 'yan sa-kai marasa linzami suka kai wasu garuruwan Zamfara. Abin da nake nema ƙarami ne. Masarautar Rano tana da hakimai da dagatai da masu unguwanni, ga sarakunan baka da suka san kowane maharbi da sunan ubansa. A yi rajistarsu tun daga Rurum har Tarai, da Saya-Saya da Durba, kowa da hotonsa da bindigarsa da mai tsaya masa. Wanda aka tantance a nema masa lasisi ta hannun 'yan sanda. Wanda ke sintiri, harsashinsa ya fito daga asusun ƙaramar hukuma, a ajiye a ofishin 'yan sanda, a ba shi da ƙidaya, ya dawo da kwanson da ya harba kafin a ba shi wani. Da haka an san inda kowane ɗaya ya tafi, kuma kwanso ya daina yawo a kasuwa. Katsina ta kafa dakarunta na tsaron al'umma a 2023, Zamfara ta ƙaddamar da Askarawa a farkon 2024, duk da kuɗin gwamnati. Muna da kamfanin DICON a Kakuri ta Kaduna tun 1964 yana yi wa soja harsashi. 'Yan majalisarmu na tarayya su tashi su tambaya, me ya hana a yi na maharba a nan gida, da naira, a sayar ta hannun dillalai masu lasisi?

Shugabannin ƙananan hukumomin Rano da Kibiya, da kansilolinmu, na san akwai yaranku a cikin masu karanta ni. Ku kai musu. In na yi ƙarya a wani wuri su fito su gyara mini, zan karɓa.

Da zan taho na ce wa Baffa don girman Allah ya zubar da kwanson nan, ni zan riƙa aiko masa da abin da ya samu duk wata har a ga yadda za a yi. Ya ce ya ji. Ya naɗe buhun, amma ban ga ya nufi bola da shi ba, ɗaki ya shigar. Masararsa da ke gindin dutse saura mako biyu a karya, kuma birai sun riga sun fara sauka.